Tsakanin Ji da Ganewa: Gaskiyar Na'urar da Ake Dasawa a Kunne

Akwai wani dattijo a Taura da ya shafe shekaru yana tsaron injin niƙa, wanda har yau yana jin kiran ladan da asuba, yana jin rugugin motocin da ke wucewa kasuwar Gujungu, amma in jikarsa ta zauna gabansa tana biya allonta, sai ya karkata kai yana kallon bakinta, domin sin da shin sun zame masa harafi guda. Yakan ce, "Ina jin magana, ganewa ce ba na yi." Saboda irinsa likitoci suka ƙago wata na'ura mai aiki biyu, wadda labarinta ya iso mana sahihi da batili a ƙwarya ɗaya.

Can bayan dodon kunne akwai wata gaɓa mai siffar katantanwa, bakinta na karɓar siraran sautuka, ƙuryarta kuwa kaurara, alhali ƙarar inji da tsufa da allurai irin su gentamicin bakin suke fara lalatawa. Hikimar ita ce likita ya zura gajeriyar waya mai laushi ta tsaya a wannan bakin tana motsa jijiyar ji da lantarki kaɗan, ya bar ƙuryar yadda Allah Ya halicce ta, a taimake ta da abin ƙara sauti. Christoph von Ilberg na Jamus ne ya bayyana wannan hanya a 1999, hukumar magunguna ta Amurka kuma ta halatta irinta ga 'yan shekara 18 zuwa sama a 2014. Ashe masu cewa ƙwaƙwalwa ake buɗewa ba su da hujja, domin aikin bai wuce ƙashin bayan kunne da cikin kunnen ba. Masu tsoron alwala da wanka su ma su natsu: na'urar ɓangare biyu ce, na waje cire shi ake yi, na ciki kuwa fata ta rufe shi.

Amma zancen cewa tiyatar tana iya tafiya da ɗan jin da ya rage, wannan gaskiya ne, kuma ban ga halaccin a ɓoye wa majinyaci shi ba. A gwajin da hukumar Amurka ta duba, cikin mutum 50, kauraran sautuka sun ɓace wa 22, ko ɗungurungum ko dab da haka, a kunnen da aka yi wa aiki, har aka sake wa shida tiyata. Hasarar nan ta fi nauyi ga Bahaushe, saboda harshenmu da hawa da saukar murya yake rarrabe kukan yaro da kukar miya, kuma wannan ragowar jin ce ta fi riƙe karin murya.

Ƙanzon kurege ne a ce tana warkar da kowace kurumta, ko a ce mutum na farfaɗowa daga tiyata yana ji garau. Sai bayan makonni ake kunna ta, sa'an nan a yi watanni ana sabawa. Wanda sanƙarau ya kurumtar gaba ɗaya, kamar da yawa a annobar 1996, mas'alarsa dabam ce: na'ura mai doguwar waya yake bukata, da gaggawa kuwa, domin cutar kan mayar da cikin katantanwar ƙashi. Ɗan abin da 'yan tireda ke sayarwa a maƙala a kunne kuma ba ita ba ce, tunda kuɗin ta gaske miliyoyin naira ne.

Abin da ya wajaba a kan dattijonmu tukuna shi ne gwajin ji wurin likitan kunne, ko a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, ko a Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna, domin takardar gwajin ce za ta nuna sautin da ya rasa da wanda ya rage masa, kuma da yawa cikin irinsa abin ƙara sauti kaɗai, in an auna shi daidai da kunnensu, ya wadatar da su ba tare da wuƙa ba.