Iskar taya da kifewar Keke Napep a hanyoyin Batsari da Safana

Duk wanda ya ɗan zauna a rumfar mai faci ranar kasuwar Batsari ya ga yadda ake auna iskar taya a wajenmu. Mai keke zai tsaya, ko injin bai kashe ba, ya ce, "Maigida, ƙara mini na baya, rogo zan ɗauko." Mai faci ya maƙala tiyo a bawul, ya ɗan saurara, ya ɗauki sifana ya ƙwanƙwasa tayar. In ta amsa da ƙarfi, shi ke nan. Ya zagaya ɗaya gefen ya yi haka. Ko ta dama tana da 45 ta hagu tana da 32, ba wanda ya sani. Gejin kuwa, in ma akwai shi, yana rataye a ƙusa, allurarsa ta daɗe da maƙalewa.

A mota mai ƙafa huɗu irin wannan sakaci yawanci a cin taya da shan mai yake tsayawa. A mai ƙafa uku yana iya kai mutane ƙasa.

Asalin abin hawan daga Italiya yake, inda kamfanin Piaggio ya fitar da Ape a 1948. Bajaj na Indiya ya soma ƙera irinsa da lasisin Piaggio, daga baya ya mayar da injin baya, shi ne RE da ya cika titunanmu tare da TVS King. Buba Marwa ya shigo da shi Legas lokacin da yake mulkin jihar, shirin NAPEP na 2001 ya ba shi sunan da muke kiransa, Kano kuma ta yi masa laƙabi da A Daidaita Sahu zamanin Malam Ibrahim Shekarau. Don kwaltar birni aka yi shi. Mu ne muka kai shi hanyar Ruma da Wagini da Runka, inda ake fama da burji da gargada da rairayi, ga kuma ɗan'uwansa na dakon kaya mai akwati a baya, wanda ke kwaso amfanin gona.

Mutane kan ce ai ƙafa uku ta fi biyu tsayuwa, tunda a kan duwatsu uku ake girka tukunya. Gaskiya ne, amma tukunya ba ta shan kwana. Keken Bajaj tsayinsa daga ƙasa zuwa rufi ya kai wajen mita 1.7, faɗinsa kuwa mita 1.3 ne kacal, tsakanin tayar gaba da na baya mita 2. In ka ja layi daga tayar gaba zuwa kowace ta baya, ka sami fili mai kusurwa uku, mai faɗi a baya, tsukakke a gaba. Muddin nauyin keken da kayansa yana sauka cikin wannan fili, yana kan ƙafafunsa. Da ya shiga kwana, nauyi ya karkata waje. In aka taka birki a tsakiyar kwanar, nauyin ya ƙara zubowa gaba, wato ya nufi kusurwar gaba ta waje, wurin da mota ke da taya amma keke ba shi da komai. Daga nan sai tayar baya ta ciki ta ɗaga. Kifewar irin wannan ce ta sa a 1988 Amurka ta sa kamfanoni, har da Honda, suka daina sayar da sababbin baburan daji masu ƙafa uku.

Da yawa daga matuƙan keke a yankin nan daga acaɓa suka fito, jikinsu kuma bai manta ba. Ɗan acaɓa kwantar da babur yake yi ya sha kwana, nauyinsa na taimakonsa. Keke ba ya kwanciya ciki, waje yake rinjaya, kuma ba abin da kafaɗar direba za ta iya a kai. Abin da ke riƙe shi ana tanadarsa ne tun kafin a tashi: gudun da aka shiga kwanar da shi, inda aka ɗora kaya, da yanayin tayoyin nan uku.

Tayoyin ƙanana ne, masu lamba 4.00-8, galibi da tif a ciki. Abin da aka saba rubutawa a littafin keken fasinja bai wuce wajen 30 a gaba da 34 a baya ba, a ma'aunin da gejin masu faci ke nunawa. Na dakon kaya nasa daban ne, a duba jikin tayar da littafinsa. Amma ni a ganina sanin adadin bai kai muhimmancin daidaita na baya biyun ba. Tayar da ta fi laushi takan ɗan zauna, sai keken ya karkata gefenta, yana kuma jan hannu zuwa can. Direba ya saba da riƙe kan da ƙarfi har ya daina lura. Ran da ya shiga kwanar da ta bar tayar mai laushi a waje, gefenta ya lanƙwashe ƙarƙashin nauyi, keken ya sami karkatar da ba ya buƙata a daidai lokacin da ba shi da sarari.

Cika iska fiye da ƙima ya ƙaru tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, don an lura taya mai tauri tana rage shan mai. Tana ragewa kaɗan, ba musu. Sai dai a kan gargada tsalle take yi, kuma tayar da ke sama ba ta juya keke, ba ta tsayar da shi. A gaba abin ya fi muni, don ita kaɗai ce. Ga kuma zafi. Duk ƙarin digiri 5 zuwa 6 yana ƙara kusan awo ɗaya, kuma a nan sanyin safiyar hunturu da ranar bazara da ke kai 40 ba ƙaramin rata ba ne. Shi ya sa ake awo da safe taya na sanyi, kuma ba a sace iskar tayar da ta yi zafi a hanya, don in ta huce za ta koma ƙasa da yadda ake so. Wanda ya rage iska don ya ratsa rairayin rafi ya yi daidai, in dai zai mayar da ita da ya hau kwalta.

A ƙarshen Agustan 2021 Gwamna Aminu Bello Masari ya sa hannu kan dokar tsaro da, cikin abubuwan da ta hana, har da ɗaukar fasinja fiye da uku a keke. Don 'yan bindiga aka yi ta, amma ta zo daidai da abin da maƙeran suka tsara. Fasinja na huɗu da ke raɓawa gefen direba yana zaune ne a inda filin nan ya fi tsukewa. Buhun da aka ɗaure a rufi kuma yana ɗaga nauyi sama. Rashin tsaron ya kawo nasa: kowa na son ya bar hanyar da ta kusanci dajin Rugu kafin magariba, ba wanda zai ga laifin direban da ya ƙara wuta. Gudun nan shi ya sa awon safe ya zama dole.

Saura abin da bakanike ke kira alaimen. A keke ba wani abin juyawa mai yawa kamar na mota, don haka in ƙafa ta kauce, yawanci wani abu ne ya lanƙwashe ko ya cinye: hannun da ke riƙe tayar baya ya bugi rami, robar bushi ta mutu, boris ya yi wasa, wili ya karkace, ko ƙwallayen wuyan keken sun saki. Taya da kanta tana faɗin ciwonta. In ta cinye a tsakiya, iska ta yi yawa. In gefe biyu ne, ta yi kaɗan. In gefe ɗaya ne kawai, ko ka shafa ka ji kaifi ta fuska ɗaya, ƙafar ce ba ta miƙe ba, kuma sabuwar taya ma haka za ta ƙare. Keken da ke jan hannu sai an taka birki kuwa, a duba birkin baya, ɗaya ya fi ɗaya kamawa.

Gwajin ba ya buƙatar na'ura. A wuri mai shimfiɗa, bayan an daidaita iska, a miƙe kan keken, a ja zare ta gefen kowace tayar baya zuwa gaba, a auna ratar da ke tsakanin zaren da tayar gaba dama da hagu. In ba su zo ɗaya ba, akwai magana. A ɗaga kowace ƙafa a jijjiga ta da hannu biyu, a ji ko tana ƙwas-ƙwas. Sannan a karanta lambobi huɗun da ke jikin tayar: 2321 na nufin mako na 23 na shekarar 2021. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa shekara huɗu take ba taya daga makon da aka ƙera ta, ko da zanenta bai goge ba.