Finjalin Gahawa a Matsayin Ma'ajiyar Tarihi: Nazarin Fasahar 'Yan Gudun Hijirar Bosniya

1.0 Gabatarwa

Yaƙin Bosniya (1992-1995) ya ci rayuka kimanin 100,000, ya kuma raba mutane fiye da miliyan 2 da muhallansu. Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna yadda wanda aka raba da ƙasarsa kan mayar da kayan amfanin gida ma'ajiyar tarihi. Za a kafa hujja da aikin Aida Šehović.

2.0 Mai Aikin da Aikinta

An haifi Šehović a Banja Luka a 1977. Yaƙi ya kori iyalinsu, suka bi ta Turkiyya da Jamus, daga bisani suka zauna a Amurka. Sunan aikin nata Što te nema, wato "Me ya sa ba ka nan?" Ta yi shi ne domin tunawa da maza Musulmi fiye da 8,000 da sojojin Sabiyawan Bosniya suka kashe a Srebrenica a watan Yuli na 1995.

Daga 2006 zuwa 2020, kowace ranar 11 ga Yuli akan jera ƙananan finjalai a dandalin wani birni, masu wucewa su cika su da gahawa, ba kuwa mai sha. Iyalan Bosniyawa ne suka riƙa ba da finjalan. An fara a Sarajevo, aka ratsa birane irin su Istanbul da Geneva da Venice, aka kammala a Potočari, inda maƙabartar waɗanda aka kashe take.

3.0 Ma'anar Aikin

A al'adar Bosniyawa, gahawa abar sha ce ta zumunci. Saboda haka finjalin da aka cika aka bari yana nuna gurbin abokin hira da ba zai dawo ba. Haka kuma, aikin bai kafu wuri guda ba. Yawo ya yi ta yi, tamkar mutanen da suka tara shi.

Abin lura ga manazarta harshe shi ne, kalmar Bosniyanci fildžan da ta Hausa finjali duk suna komawa ga finjan ta Larabci, haka ma kahva da gahawa suna komawa ga qahwa. Bosniyanci ya same su ta hanyar Turkanci.

4.0 Kammalawa

An ga cewa ɗan gudun hijira ba ya iya ɗaukar gida ko kabari, amma yana iya ɗaukar finjali. Da shi ne al'ummar da ta warwatsu ta sami wurin zaman makoki a ƙasashen da ba nata ba.