Ɗimuwar Tsofaffi a Asibiti da Aikin Nas Wajen Gano Ta

Gabatarwa

Sau da yawa akan kwantar da dattijo a asibiti da hankalinsa garau, bayan kwana biyu sai a tarar yana sambatu, bai ma shaida 'ya'yansa. Dangi sukan ce gigin tsufa ne. Likitoci kuwa suna kiran wannan hali diliriyam, wato ɗimuwa. Manufar wannan maƙala ita ce bayyana yadda nas ke gano ta.

Ɗimuwa da Gigin Tsufa

Gigin tsufa a hankali yake shigowa, cikin watanni ko shekaru. Ɗimuwa kuwa cikin sa'o'i ko 'yan kwanaki take aukuwa, ta lafa ta dawo, ta kuma fi tsananta da dare. Alama ce ta wata cuta a jiki, kamar ciwon huhu, ciwon mafitsara, ƙarancin ruwa, wahalar fiɗa ko illar maganin barci. In an magance sanadin, sau da yawa hankali yakan komo. In an bar ta, kwanciya ta yi tsawo, haɗarin mutuwa ya ƙaru.

Wanda ke fizge-fizge kowa zai lura da shi. Mai wuyar ganewa shi ne wanda ya yi lamo yana gyangyaɗi, ana zaton hutawa yake yi. Binciken da Sharon Inouye da abokan aikinta suka buga a Amurka a 2001 ya nuna cewa kashi 31 cikin 100 kaɗai na masu ɗimuwa nas-nas suka gane. Wannan ne ya sa ake dogara da gwaji tsararre.

Hanyoyin Gwaji

Hanya ta farko ita ce CAM, wadda Inouye ta fitar a Jami'ar Yale a 1990. Alamu huɗu ake nema: canjin hali farat ɗaya mai zuwa yana tafiya, kasa tattara hankali, maganar da ba kai ba gindi, sa'an nan yawan gyangyaɗi ko yawan firgita. Sai an sami biyun farko tare da ɗaya daga sauran kafin a ce ɗimuwa ce.

Ta biyu ita ce 4AT, wadda aka tsara a Edinburgh a 2011, kuma minti biyu ya ishe ta. Nas za ta dubi yadda majiyyaci yake a farke, ta tambaye shi shekarunsa, ranar haihuwarsa, inda yake da shekarar da ake ciki, ta sa shi ya lissafa watanni da baya tun daga Disamba, ta kuma bincika ko halinsa ya canja kwanan nan. Maki 4 ko fiye na nuna yiwuwar ɗimuwa, sai ta sanar da likita.

Akwai abin lura a ƙasar Hausa. Tsohon da bai riƙe ranar haihuwarsa ba, ko wanda da Muharram da Safar yake lissafi, yana iya faɗuwa gwajin alhali lafiyarsa lau. Saboda haka tilas nas ta tambayi mai jinyarsa yadda yake a gida kafin ciwon.

Kammalawa

Likita yakan zagaya ya wuce, nas kuwa tana ɗakin dare da rana, don haka ita ta fi kowa damar ganin canjin. Ya kamata dangi su ma su gaya mata da zarar sun ga dattijonsu ba yadda suka san shi ba.