Daga Bakin Fensir Zuwa Ɗakin Bincike: Abubuwa 7 Na Mamaki

Ɗan makarantar da ke feƙe fensir a unguwar Sukra ta birnin Sabha yana riƙe da ɗanyen kayan binciken da ya ci kyautar Nobel.

1. Baƙin abin da fensir ke rubutu da shi ɓawo ne kan ɓawo. Falle ɗaya shi ake kira girafin: kaurinsa ƙwayar zarra guda, tsarinsa irin na saƙar zuma. A milimita ɗaya akwai falle kusan miliyan 3.

2. Da salatif aka ɓamɓaro shi! Andre Geim da Konstantin Novoselov suka yi wannan dabara a Jami'ar Manchester a 2004, aka ba su Nobel a 2010.

3. Shi Geim, tun a 2000 ya karɓi Ig Nobel, kyautar binciken ban dariya, don ya sa kwaɗo shawagi da ƙarfin maganaɗisu.

4. Mu ajiye girafin tukuna. A 1911, a Leiden ta Holan, Kamerlingh Onnes ya sanyaya zaiba zuwa digiri 269 ƙasa da sifili. Sai lantarki ya riƙa ratsa ta ba turjiya ko kaɗan. Sanyin hunturun Sabha wasan yara ne a nan.

5. Brian Josephson yana ɗalibi ɗan shekara 22 a Cambridge, a 1962, ya ce irin wannan lantarki zai tsallake siririn shinge tsakanin ƙarafa biyu masu wannan hali. Manya suka yi gardama, gwaji ya ba yaro gaskiya.

6. In aka haska wa wannan mahaɗa ta ƙarafa biyu da shinge maikurowef, dangin igiyar da wayar salula ke aiki da ita, ƙarfin lantarkin kan hau mataki-mataki, kowane daidai da ɗan'uwansa. Sidney Shapiro ya gano haka a 1963, kuma da matakan ake daidaita awon lantarki a duniya yau.

7. Falle ɗaya na girafin, shi kaɗai, ba shi da halin nan na rashin turjiya, amma zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. A 2007, a Delft, aka sa shi tsakanin alminiyom biyu, ya ari halinsu, matakan Shapiro suka bayyana. A 2018 kuma masana a MIT ta Amurka suka ɗora falle kan falle, suka karkata ɗaya da digiri 1.1, turjiya ta ɓace ba tare da aron kowa ba.