Naman Ƙumba Da Tukunyar Gubuchi

Mutanen Gubuchi, cikin Ƙaramar Hukumar Makarfi, sun san ɓawon ƙumba, amma ba kasafai namanta ke shiga tukunyarsu ba. A Faransa da Beljiyam kuwa abinci ne sananne. Akan turara ƙumbar teku na 'yan mintoci, duk wadda ba ta buɗe ba a zubar. Namanta yana da sinadarin ƙarfe mai ƙara jini, wanda masu juna biyu ke bukata ƙwarai.

Sai dai ƙumba tace ruwa take yi, tana tara dattinsa a jikinta. Saboda haka wadda aka tsinto a kududdufin da ruwan gonakin rake ke gangarawa ba ta ciyuwa. Busasshiyar tarwada cikin miyar kuka ta fi aminci, kuma ga ta a kasuwa.