Kurma A Gidan Makoki

Yau za mu yi magana a kan wani ɗan'uwa da yakan zauna tare da mu a gidan makoki, amma ta'aziyyarmu ba ta kaiwa gare shi. Wannan ɗan'uwa shi ne kurma.

Ku duba yadda muke makoki. Kusan kome da murya ake yi. Labarin rasuwa yakan zo ta waya, sai kuka ya tashi. Maƙwabta su shigo suna cewa, “Sannu da haƙuri.” Zumuntar mata su kwana suna waƙa, fasto ya yi wa'azi, dattawa su shawarta ko za a binne a maƙabartar Gudu a nan Abuja, ko kuwa a kai gawa ƙauye. Maƙwabtanmu Musulmi ma sukan zauna karɓar gaisuwa, da yawa su yi addu'ar uku da ta bakwai da ta arba'in. To, kurma yana ganin hawaye, yana ganin baki yana motsi, amma bai san abin da ya kashe mahaifinsa ba, bai san saƙon da ya bari ba. Idan ya tambaya, sai a yi masa alamar “anjima”. Baƙin cikinsa ya zama biyu: ga rashi, ga kaɗaici.

Me ya kawo haka? Yawancin kurame iyaye masu ji ne suka haife su. Waɗansu kuma cuta ce ta ɗauke musu ji, kamar ƙyanda ko sanƙarau, irin annobar da ta auka wa arewacin Nijeriya a 1996. A gidaje da yawa alamun da aka sani kaɗan ne: zo, tafi, ci, kwanta. Da waɗannan ba za a iya bayyana mutuwa ba. Idan ka nuna wa yaro cewa uwarsa ta yi barci, zai yi ta jiran ta farka, ko ya ji tsoron kwanciya.

Amma kurame suna da harshe cikakke. A Kano da sauran ƙasar Hausa akwai maganar hannu, wadda kurame ke koya daga junansu. Akwai kuma wadda ake koyarwa a makarantu, mai asali daga Amurka. Andrew Foster, ɗan mishan wanda shi ma kurma ne, ya buɗe makarantar kurame a Ibadan a 1960. A Kuje, cikin yankin Abuja, akwai makarantar kurame ta gwamnati. A 2019 aka sa hannu a kan dokar hana nuna bambanci ga nakasassu, aka kuma kafa hukumarsu a Abuja a 2020. Sai dai doka ba ta zuwa gaisuwar mutuwa. Wannan aikin dangi ne da na ikilisiya.

A cikin Markus sura 7, an kawo wa Yesu wani kurma mai i'ina. Yesu bai yi masa dogon wa'azi ba. Ya jawo shi gefe daga taro, ya sa yatsu a kunnuwansa, ya taɓa harshensa, ya ɗaga kai sama. Duk abin da ya yi, mutumin yana iya gani da ido. Ubangiji ya bi ta hanyar da mutumin zai gane. Mu ma haka ya kamata mu yi.

Na farko, a faɗa masa da wuri, ido da ido, kafin gida ya cika. A gaya masa gaskiya a fili, da hannu, ko rubutu, ko hoto.

Na biyu, a nemi tafinta don sujadar jana'iza, amma a fara tambayarsa wace maganar hannu ya iya. A zaunar da shi a gaba. Idan zaman dare ne, a sa haske a kan tafinta, gama a duhu kurma ba shi da abokin zance.

Na uku, a sanar da abokansa kurame. Su ne za su zauna da shi su yi makoki cikin harshensa. Idan kukansa ya fita da ƙarfi dabam da namu, kada a tsawata masa.

Na huɗu, a ba shi wurinsa na ɗa. Ya ga gawa idan yana so, ya zuba ƙasa a kabari, ya faɗi nasa game da marigayi. Ranar zancen gado kuma a kira shi, tare da tafinta.

Ɗan'uwa, 'yar'uwa, bayan baƙi sun watse, ka koma ka zauna da shi. Ka koyi alamar haƙuri daga hannunsa, ka mayar masa da ita.

Bari mu yi addu'a. Ya Uba, Allah na dukan ta'aziyya, ka buɗe idanunmu mu ga 'yan'uwanmu kurame cikin makokinsu, ka koya wa hannuwanmu yi musu ta'aziyya. Cikin sunan Yesu. Amin.