Intanet na Kebul ko na Iska: Wanne Ya Fi Dacewa da Kuɗinmu?

'Yan'uwa, tun da Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta amince da ƙarin kuɗin kira da na data har kashi 50 cikin ɗari a Janairun 2025, iyalai da ofisoshin ikilisiya da dama suna tambaya: wace hanyar samun intanet ce ta fi inganci da sauƙin kuɗi? Hanyoyin biyu ne.

Ta farko ita ce ta kebul, wanda ake kira faiba. Zaren gilashi ne siriri kamar gashin kai, haske ne ke ɗaukar saƙo a cikinsa. Ana jawo shi har cikin gida, a riƙa biyan kuɗin wata. Saurinsa ba ya cika sauyawa, ruwan sama ba ya damunsa, kuma yana da ƙarfi wajen tura bidiyo. Matsalarsa ita ce bai wuce wasu unguwannin manyan birane ba, kuma masu aikin hanya sukan tsinke shi.

Ta biyu ita ce ta iska, wato 4G ko 5G da muke samu daga turken sadarwa ta layin waya. MTN ta fara 5G a Najeriya a 2022. Sa'an nan Starlink, mai aiki da tauraron ɗan'adam, ya shigo a 2023. Ta layin waya ba ta bukatar haƙa rami, kuma ana tafiya da ita ko'ina. Amma turke ɗaya kamar famfon unguwa yake: da yamma, in kowa ya zo ɗiban ruwa, sai ya riƙa zuba kaɗan-kaɗan. Nisa daga turke da kaurin bango ma suna rage ƙarfinta. Starlink kuwa yana kaiwa ƙauyen da babu sabis, sai dai kayansa da tsada, yana bukatar lantarki kullum, kuma ruwa mai ƙarfi yakan katse shi.

Kafin mu zaɓa, mu yi lissafi. Watsa bidiyo kai tsaye da saurin megabit 3 a daƙiƙa yana cin kusan gigabait 1.35 a awa ɗaya. Ikilisiyar da ke watsa sujadar awa biyu kowace Lahadi za ta ci kusan gigabait 11 a wata, ban da sauran ayyuka. A irin wannan aiki, saurin turawa ne abin tambaya, domin saurin saukewa ne kamfanoni suka fi tallatawa.

Saboda haka, gidan da ke da mutane da yawa, ko makaranta, ko ofishin da ke aiki kullum, in faiba ya iso unguwarsu, shi ya fi riba. Mai aika saƙon WhatsApp da duba labarai kawai, data ta ishe shi. Kada mu tsaya ga kuɗin sayen na'ura. Mu tara kuɗin shekara guda, har da na lantarki. Mu kuma tambayi maƙwabta yadda sabis yake da ƙarfe takwas na dare.

A Maris 2024, da kebul-kebul na ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, masu faiba da masu data duk sun sha wahala, domin turke ma da kebul yake haɗe. Don haka duk wadda muka zaɓa, mu ajiye layin wani kamfani dabam saboda ranar da ta farko za ta ɗauke.